Masu Kawo Damina Cikin Akwati

A Jamus, Birtaniya, Folan, Amurka da Meziko akwai mutanen da suka keɓe ɗaki guda a gidajensu, suka jera kantoci tun daga ƙasa har rufi, kowace kanta cike da akwatunan gilashi da na roba. Abin da ke ciki tarantula ce, wannan ƙaton gizo-gizo mai gashi, wanda wani ya cika tafin hannun babban mutum har ƙafafu su yi saura. Da yawanmu jin haka kaɗai ya isa ya tayar mana da tsikar jiki. Amma duk wanda ya daure ya tsaya ya kalli yadda mutanen nan ke aiki, zai tarar da kiwon da ba a cin nasararsa sai da lura, da natsuwa, da haƙurin shekaru.

Ajiye tarantula guda ta rayu ba shi da wuya: gyare ɗaya ko biyu a mako, da ɗan kaskon ruwa, da wurin ɓuya. Inda ake gane gwani shi ne wajen sa ta ta hayayyafa. Macen ba ta yin ƙwai sai jikinta ya gamsu cewa lokaci ya yi, kuma ba abin da ke shaida mata lokaci sai danshin ƙasa da ɗumin iska. Makiyayin da ke zaune a Hambug, dusar ƙanƙara na zuba a bayan tagarsa, sai ya kawo mata rani da daminar gaɓar tekun Meziko cikin akwatin da bai fi kamu ɗaya ba. Masana sun ƙidaya fiye da nau'i 1,000 na wannan dangi, daga hamada har dajin da ruwa ba ya yankewa, kowanne kuwa da yanayin da ya gada. Sanin wannan yanayi, da iya kwaikwayonsa, shi ne sana'ar gaba ɗaya.

Jikinta ne ke faɗin abin da take so

Tarantula na numfashi ne ta huhu huɗu da ke ƙarƙashin cikinta. Kowanne ɗan aljihu ne mai siraran shafuka jere a kan juna, iska na ratsa su da kanta ba tare da an ja ta ba. Ta wannan ƙofa iska ke shiga, ta nan kuma ruwan jiki ke tsiyayewa idan wuri ya bushe da yawa. Ƙafafunta ma da ruwa suke aiki. Tana da tsokar naɗe ƙafa, amma a manyan gaɓoɓin ƙafar ba ta da tsokar miƙewa, sai ta tura ruwan jikinta da ƙarfi ƙafar ta miƙe. Shi ya sa idan ƙishirwa ta kama ta, ƙafafun sukan naɗe su shige ƙarƙashin jiki. Makiyaya na kiran wannan naɗewar mutuwa, kuma da sun gan ta, ba sa tunanin abinci, bakin dabbar suke karawa a kan ruwa.

Sai kuma saɓa. Fatarta ƙwarya ce mai tauri da ba ta girma tare da ita, don haka sai ta tuɓe ta lokaci-lokaci. Kafin ranar takan daina cin abinci, wani lokaci makonni, wani lokaci watanni. Sannan ta shimfiɗa tabarmar yana, ta kwanta rigingine, ƙafafu a sama. Sabon shiga yakan zaci ta mutu, ya kai hannu ya juya ta, ya jawo asarar da yake tsoro. Gwani kuwa ya riga ya cire duk gyaren da ya rage a akwatin, domin gyare na iya cin naman tarantular da ke kwance ba ta da kariya, ya cika kaskon ruwa, ya ja da baya. Cikin 'yan sa'o'i za ta zare ƙafafu takwas daga tsohuwar fata, ɗaya bayan ɗaya. Idan jikinta ba ya da isasshen ruwa, ƙafa na iya maƙalewa ta gutsure, ko kuma aikin ya tsaya a rabi. Bayan ta fito, fiƙoƙinta farare ne fat, masu laushi. Sai sun rikiɗa ja, sannan baƙi, mako ɗaya zuwa biyu ga babba, kafin a miƙa mata abinci.

Danshi: a duba ƙasa kafin a duba ma'auni

Takardun da shagunan dabbobi ke bai wa mai saye sukan ce wannan nau'i na son danshi kashi 70 cikin 100, wancan kashi 80. Tsofaffin hannu ba sa bin waɗannan lambobi ido rufe, kuma suna da hujja. Lambar ta iskar ƙasar ce gaba ɗaya, alhali tarantula ba a sararin ƙasa take zaune ba, a rami take, ko a kogon itace. Rami mai zurfin kamu ɗaya a busasshen daji yana da sanyinsa da laimarsa ko da rana na ƙuna a sama. Abin da makiyayi ke ƙoƙarin ginawa ke nan: ramin, da bambancin da ke tsakanin bakinsa da ƙarshensa.

Yadda suke yi abin sha'awa ne saboda sauƙinsa. A zuba ƙasa mai zurfi, galibi garin ɓawon kwakwa haɗe da ƙasar gona wadda taki da maganin ƙwari ba su taɓa ba. A dunƙula ta a hannu, idan ta riƙe siffarta ba tare da ɗigon ruwa ba, ta yi. Daga nan ba a yayyafa ruwa a sama, sai a tsiyaya shi ta kusurwa guda ya gangara ƙasa, sama ta bushe, ƙarƙashi ya riƙe laima. Ta jikin gilashi ana ganin layin da ya raba ƙasa mai duhu da mai haske, kuma wannan layi ya fi kowane ma'auni gaskiya. Idan dabbar na son danshi sai ta haƙa ta sauka, idan ya ishe ta sai ta hau. An bar mata zaɓi, ita kuwa ta fi kowa sanin abin da jikinta ke nema.

Uku daga cikin sanannun nau'o'i sun isa su nuna nisan da ke tsakanin buƙatunsu. Grammostola rosea ta fito daga busassun yankunan arewacin Cile. Idan aka jiƙa mata ƙasa sai ta haye jikin gilashi ta maƙale can, ta ƙi sauka har sai wurin ya bushe. Kaskon ruwa kaɗai ya wadatar da ita. Theraphosa blondi, wadda ta fi kowane gizo-gizo nauyi a duniya, tana kaiwa giram 170, faɗin ƙafafunta kusan santimita 28, daga dazukan Benezuwela, Guyana, Surinam da arewacin Burazil take. Ita ƙasarta ba ta bushewa ko sau ɗaya, in ba haka ba saɓa ta zame mata haɗari.

Ta uku ita ta fi koya wa masu sana'ar darasi. Caribena versicolor, daga tsibirin Martinik, 'ya'yanta shuɗaye ne shar, kuma a kan itace suke rayuwa. Shekaru da dama ƙananan suna mutuwa farat ɗaya a hannun mutane. Aka ɗauka ƙarancin danshi ne, tunda tsibirin na da ruwan sama mai yawa, aka riƙa toshe ƙofofin iska ana ƙara feshi, mutuwar kuwa sai ƙaruwa. Masu lura ne suka gano cewa a kan reshe, inda dabbar take, ruwa na sauka ne iskar teku ta busar da shi nan da nan. Iska mai laima wadda ba ta motsi ita ke kashe su, ita ce kuma ke kawo fumfuna da 'yan mitsi-mitsin ƙwari dangin kaska. Maganin shi ne a huda ramuka a gefe da gefen akwati iska ta ratsa, a sa kaskon ruwa, a rage feshi. Yau wannan nau'i na daga cikin waɗanda ake hayayyafawa da yawa. Laima da iska tare suke tafiya, kuma riƙe su biyun a lokaci guda shi ne abu mafi wuya a wannan fanni.

Zafi: linzamin da ke hannun makiyayi

Yawancin tarantula suna jin daɗi tsakanin digiri 22 zuwa 28 a ma'aunin Salsiyos. Mai dabbobi da yawa ɗakin yake ɗumamawa gaba ɗaya, da na'urar da ke kashe kanta idan zafi ya kai inda aka sa mata. Mai ɗaya ko biyu yakan yi amfani da 'yar tabarmar ɗumi ta lantarki, amma a gefen akwati yake manna ta, ba ya sa ta a ƙarƙashi. Dalilin na cikin ɗabi'ar dabbar: a daji, idan zafi ya dame ta ƙasa take nutsawa, domin can sanyi yake. In aka sa wutar a ƙasa, gudun zafi zai kai ta cikin zafin. Haka nan ba a ajiye akwati inda rana ke faɗowa ta taga, ba a kuma kunna mata fitila mai zafi. Kowane ɗumi da aka ƙara yana shan ruwan ƙasa, don haka mai ɗaga zafi sai ya ƙara sa ido a kan wancan layi mai duhu.

Akwai kuma 'yan kan dutse. Megaphobema mesomelas daga dajin hazo na Kosta Rika take, Poecilotheria subfusca kuma daga tsaunukan Siri Lanka. Ɗumin da sauran ke so su cuta ne a gare su, sai an nemi wuri mafi sanyi a gidan, wani ma har ya saya musu na'urar sanyaya ɗaki.

Gwani ba ya tsayawa a kan kiyaye rai kawai, yakan mai da zafi linzami. Tarantula mai ɗumi da ƙoshi tana saɓa akai-akai, ta girma da sauri. Wadda ke cikin ɗan sanyi, abinci kaɗan-kaɗan, tana tafiya a hankali. Namiji kuwa yana riga mace balaga da shekaru. Don haka mai son su haɗu a kan gaɓa yakan ɗora matan a kantar sama inda ɗumi ke taruwa, ya sauke mazan a ta ƙasa. Da 'yan digiri uku ko huɗu yake daidaita lokacin da zai zo bayan shekaru.

Daren haɗuwa

Kafin komai sai an san wace ce mace. Ana ɗaukar fatar da aka saɓe, a jiƙa ta da ruwan sabulu ta yi laushi, a buɗe cikin a hankali ƙarƙashin gilashin ƙara girma. Tsakanin huhu biyu na gaba, mace na da 'yar jakar ajiyar maniyyi, namiji ba shi da ita. Wannan jaka tare da fata ake saɓe ta, shi ya sa idan mace ta yi saɓa bayan barbara, duk abin da ta ajiye ya tafi. Lokacin da ya fi dacewa shi ne 'yan watanni bayan saɓarta, an ciyar da ita ta ƙoshi.

Namiji yana da nasa agogon. A saɓarsa ta ƙarshe yakan fito da dogayen ƙafafu, da 'yan ƙululai a kan gajerun hannaye biyun da ke gefen bakinsa, kuma a yawancin nau'o'i da ƙugiya a ƙafafun gaba. Yakan saƙa wata yana ta musamman, ya zuba maniyyi a kai, ya tsotse shi cikin ƙululan. Daga nan kwanakinsa ƙidayayyu ne, shekara ɗaya ko biyu, alhali macen dangin Brachypelma tana iya haura shekara 25. Saboda wannan ƙurewar lokaci masu sana'ar suka ƙirƙiro al'adar aro: mai namiji ya tura shi wa mai mace, ko da a wani gari yake, idan an samu 'ya'ya a raba biyu. Daidai yake da yadda a ƙauyukanmu ake bai wa mutum akuya kiwo a raba abin da ta haifa, kuma kamar can, amana ce ke riƙe da shi.

Ana haɗa su da dare, ɗaki shiru, haske kaɗan. A saki namiji a nesa da bakin ramin. Da ya taka yanarta ya ji alamarta, sai ya fara karkarwa yana buga ƙasa da hannayensa. Idan tana so, sai ta amsa da nata bugun, mai ƙarfi har kunne na ji. Ta fito, ta ɗaga gaba, fiƙoƙi a buɗe. Shi kuma ya sa ƙugiyoyinsa ya tokare fiƙoƙin, ya ɗaga ta sama, ya miƙa hannu ƙarƙashin cikinta. Abin na iya ƙarewa cikin daƙiƙu ko 'yan mintuna, sannan ya sake ta ya ruga. Duk wannan lokaci makiyayi na tsaye da dogon hantsaki ko ɗan faifan roba a hannu, ba ya motsi. In ya shiga tsakani da wuri ya ɓata aikin, in ya makara macen ta cinye namijin da ba nasa ba. Gane wannan ɗan taƙi ba a koyonsa a littafi, sai an sha tsayuwa.

Ƙirƙirar shekara

Bayan barbara ne gwanintar danshi da zafi ke kai ƙololuwa. Brachypelma hamorii, mai jan gwiwa, tana zaune a busasshen dajin jihohin Kolima, Halisko da Micowakan na Meziko, inda ruwa ke sauka daga wajen Yuni zuwa Oktoba, sauran shekara rani. Mazan na yawon neman mata a damina zuwa ƙarshenta, macen ta riƙe maniyyin watanni, ta yi ƙwai yadda 'ya'yan za su fito dab da sabon ruwa, lokacin da ƙananan ƙwari ke yawaita. Makiyayi yakan bi wannan tsari: ya ciyar da ita sosai, ya rage zafi da 'yan digiri na wasu makonni, ya bar ƙasa ta bushe, sannan ya ɗaga ɗumi a hankali ya jiƙa gefe guda. Ga Grammostola ta Amurka ta Kudu sanyin ne ya fi muhimmanci, ga waɗansu na Asiya kuma jiƙa ƙasa sosai, kwatankwacin saukar damina. Ana iya jira wata uku, ana iya jira kusan shekara. Mai haƙuri shi kan dafa dutse.

Ranar da ta toshe bakin raminta da yana, an san an zo wurin. Takan saƙa farar tasa ta siliki, ta zuba ƙwan tare da maniyyin da ta ajiye, ta lulluɓe, ta naɗe shi dunƙule. Yawansu ya danganta da nau'i: Theraphosa blondi da wuya ta wuce 200, Brachypelma ɗaruruwa, Lasiodora parahybana ta Burazil kuwa fiye da 1,000. Yawancin iyaye na riƙe ƙunshin a baki suna jujjuya shi kowace rana don kada ƙwan su manne, ko da yake wasu na Afirka, irin Pterinochilus murinus, rataye shi suke yi a jikin yana. A wannan lokaci ko jijjigar kanta na iya sa uwa ta cinye ƙunshin. Bushewa na sa ƙwan su ƙandare, laima mai yawa na sa su ruɓe.

Nan makiyaya suka kasu biyu. Wasu na barin uwa ta gama aikinta, musamman ga Monocentropus balfouri ta tsibirin Sokotra na Yaman, wadda ke kashe ƙwaro ta ajiye wa 'ya'yanta. Wasu kuma na karɓe ƙunshin wajen kwana 30, su yanka shi da ɗan almakashi, su zazzage abin da ke ciki a akwatin ƙyanƙyasa: ruwa ko jiƙaƙƙiyar takarda a ƙasa, raga a tsakiya, ƙwan a sama, laima na isa gare su ruwa bai taɓa su ba. A wannan mataki suna kiransu ƙwai masu ƙafa, domin haka suke, ƙwallo mai ruwan ƙwai da 'yan ƙafafu da ƙyar suke motsi. Kullum sai an duba, a tsince duk wanda ya yi baƙi kafin ya shafi maƙwabcinsa. Bayan saɓa biyu sukan zama cikakkun gizo-gizo masu gudu da farauta, har da farautar juna. Dole a raba su, kowane da 'yar robarsa, da ƙasarsa mai laima, da ramukan iska da aka huda da allura. Mutum ɗaya da burushin zane, yana kora ɗan da bai fi ƙwayar shinkafa ba cikin roba ta 400, sannan ya dawo ya ciyar da kowanne da ƙaramin ƙuda ko guntun gyare. Ƙanana sun fi manya saurin bushewa, don haka lissafin danshi ya koma sabo, sau ɗaruruwa.

Abin da wannan wahala ke saya

Sha'awar mutane ga tarantula ta yi wa daji illa. A shekarun 1970 da 1980 an tone masu jan gwiwa da yawa daga ramukansu aka yi waje da su, har aka sa ɗaya daga cikinsu, Brachypelma smithi, cikin jerin yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin namun daji a 1985, daga baya aka haɗa da danginta duka. A 2019, a taron CITES na Janeba, aka ƙara da dangin Poecilotheria na Indiya da Siri Lanka, ciki har da shuɗiyar Poecilotheria metallica, wadda dajinta a jihar Andira Paradesh bai kai murabba'in kilomita 100 ba. Fasa-ƙwauri kuma bai tsaya ba. A watan Nuwamba na 2024 an kama wani matafiyi a filin jirgin saman Lima na Peru da tarantula 320 ɗaure a jikinsa. Yankinmu ma na cikin wannan kasuwa: Heteroscodra maculata ta Togo da Gana, da Hysterocrates gigas ta Kamaru, sanannu ne a kantocin Turai.

Macen Brachypelma na ɗaukar kusan shekara 8 zuwa 10 kafin ta fara haihuwa, don haka cire babba guda daga rami asarar shekaru ne ga wannan daji. Ƙunshi guda da aka ƙyanƙyashe a gida kuwa na iya biyan buƙatar ɗaruruwan masu saye. A kan wannan lissafi wani makiyayi, Rodrigo Orozco, ya kafa gidan kiwonsa kusa da Gwadalahara, da izinin gwamnatin Meziko, don ya wadata kasuwa da haifaffun gida har mai tonon rami ya rasa riba. Ƙungiyoyi irin British Tarantula Society, wadda ke aiki tun shekarun 1980, suna buga rahotannin makiyaya: ranar barbara, zafin ɗaki, ranar ƙwai, yawan 'ya'ya. Abubuwa da dama da aka sani game da hayayyafar waɗannan halittu daga irin wannan rubutu suka fito, kuma shi ya sa Poecilotheria metallica, wadda da sai mai kuɗi, ta zama ana samun haifaffiyar gida cikin sauƙi.

Kiwon gida ba zai dasa itacen da aka sare a Indiya ba, amma yana rage hannayen da ke shiga ramuka, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Mutumin da ya shekara yana karanta ruwan saman wata ƙasar da bai taɓa takawa ba, don ya san ranar da zai tsiyaya kofi guda na ruwa a kusurwar akwati, ya cancanci a kira shi gwani a ko'ina. Duk mai sha'awar mallakar tarantula, mafi girman girmamawar da zai yi wa wannan gwani, da dabbar kanta, ita ce ya tambayi mai sayarwa ko haifaffiyar gida ce, in ba ita ba ce ya bar ta.